Ajiyar Don Heriberto

Kwana tara ke nan da guguwar teku ta kwashe gadar da ta haɗa wata unguwa ta kan tsauni da garin Jayuya, kuma a duk tsaunin mutum ɗaya ne ko a jikinsa: Don Heriberto Quiñones. Yana zaune a barandarsa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, makullin ɗakin ajiya na lilo a wuyansa.

Tun da ya yi ritaya daga aikin gidan waya a New York ya dawo gida yake tara abincin nan. Fararen bokitai sittin, kowanne shaƙe da ƙananan jakunkuna masu ƙyalli: shinkafa da kaza, wake, taliya, ƙwai. Dafaffen abinci ne da aka daskarar, aka zuƙe masa ruwa har ya koma kamar ɓawon gyaɗa don rashin nauyi. Ka zuba tafasasshen ruwa, ka jira minti goma, ka ci. Yana shekara ashirin da biyar bai lalace ba.

A lokacin maƙwabta dariya suka yi ta masa. "Don Heri, duniyar wata za ka ƙaura?" Yanzu ga su can gangare, a harabar coci, sun yi layi da kwanuka a gaban tukunya ɗaya.

"Dube su," ya ce wa matarsa Migdalia. "Ba sa rasa na giya da na zakarun faɗa, amma gwangwanin wake ɗaya ya gagare su ajiyewa. Tururuwa ma ta fi su tunanin gobe."

Migdalia ta miƙo hannu. "Ba ni makullin in share. Danshi na jawo ɓeraye."

Ya ciro ya ba ta, kamar yadda ya saba kowace safiya, ba tare da ya kalle ta ba. Shara ba aikinsa ba ce. Da ta gama ta mayar masa, ta ɗauki kwandon wanki ta gangara rafi, kamar kullum tun da famfo ya ɗauke.

"Mu biyu rak a gidan nan," ya yi mita a bayanta, "amma kullum kwando cike. Sai ka ce muna da barikin soja."

Shi dai tsarinsa a rubuce yake. Sai an cinye abin da ke firji, sannan ayabar da iska ta kayar a bayan gida, sannan gwangwanaye. Bokitai su ne na ƙarshe. Kullum da la'asar yakan leƙa ya ga suna nan a jere, murafe a rufe ruf, ya ja ƙofa ya kulle.

A rana ta biyu ne Doña Monserrate, tsohuwar da ke kula da tukunyar coci, ta hawo da sandarta ta roƙe shi ko bokiti ɗaya, don yara da masu ciwon suga.

"Da sanyin safe ake kama fara, Doña Monse," ya ce mata. "Lokacin da nake saye, ina kike? Je ki dafa musu dariyar da kuka yi min."

Daga ranar ba wanda ya sake roƙonsa. Sai ma wani sabon salo da suka ɓullo da shi. Cheo makanike, wanda rabonsa da gaishe shi an fi shekara, yanzu har hula yake cirewa. Wasu magidanta biyu suka zo suka buga masa kwanon rufin da ya yaye, suka tafi ko ruwa ba su sha ba. Wata mai goyo ta tsaya a bakin shinge ta ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Don Heri," idonta cike da hawaye.

Ya taɓe baki. Ruwa ba ya tsami banza. Sun ga roƙo bai ci ba, sun koma daɗin baki. To, su yi ta yi har harshensu ya tsinke.

A rana ta goma rediyo ya ce gada ba za ta gyaru ba sai bayan wata guda, jiragen agaji kuma sun fi karkata ga garuruwan bakin teku. A ranar ce kuma gwangwanin ƙarshe ya ƙare a gidan. Don Heriberto ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Gobe zai buɗe bokitin farko, ya ci shinkafa da kaza a baranda, inda iska za ta kai musu ƙamshin. Amma kafin nan yana so ya ga fuskokinsu da wannan labari na gada. Ya sa farar rigarsa, ya gangara coci.

Yana shiga harabar, layi ya dare biyu. Wani ya fara tafi, saura suka ɗauka. Ya wuce ta tsakiyarsu yana hura hanci, ya leƙa tukunyar: wani ruwa-ruwan abu ne, an tsinka shi da ruwa da yankakkiyar ayaba don ya isa kowa.

"Wannan kuke ci?" ya ce da ƙarfi. "Ko karena ba zan zuba wa ba."

Aka kwashe da dariya, kamar ya yi barkwanci. Doña Monserrate ta cika kwano, ta riƙo shi da hannu biyu, ta matso gabansa.

"Kai dai ba ka rabo da wasa, Don Heri," ta ce. "Migdalia ta gargaɗe mu cewa ba ka son a ambaci sunanka, shi ya sa muka yi shiru duk kwanakin nan. Amma yau da safe da ta kawo mana abincin bokitinka na ƙarshe a cikin kwandon wankinta, muka ce wallahi sai mun gode maka ido da ido."