Kalmar da Sauda Ta Kasa Faɗa

Sauda ta zare takalminta a cikin bas ɗin Satwa, unguwarsu a Dubai, ta shiga murza diddige. Yau ma hannu rabbana suka dawo. Makarantar da suka je da safe ta haɗu, madubi bango guda, sanyi kamar cikin firij, amma da aka faɗi kuɗin zango ɗaya sai da Sauda ta nemi kujera.

Yarinyar da ke kiranta Yaya na gefenta, ta jingina kai da taga, ƙafafunta sun buɗe waje kamar na agwagwa. Haka 'yan bale suke zama, haka suke tafiya. Bale dai ita ce rawar nan ta Turawa da ake tsayuwa a kan yatsun ƙafa, kuma Sauda ce ta jawo wa kanta. Da Inna ta rasu a Kano, Innar da ta raine su su biyu, ba inda za a kai yarinyar sai Dubai. Sauda tana ɗinkin kayan rawa a wata kwalejin fasaha, ba wanda za ta bar wa yarinya a gida, sai ta riƙa zuwa da ita wurin aiki. Ita tana kan keke, yarinya na leƙen aji ta ƙofa tana kwaikwayo. Wata tsohuwar malama 'yar Rasha ta gan ta, ta jawo ta layin baya. Shi ke nan, ƙafa ta kamu.

Yanzu ta gama sakandare, saura karatun bale na gaske, mai takardar shaida. Malamar ba ta ɓoye musu ba: jikin mai rawa ba ya jira, in ta zauna shekara guda an gama.

Ba inda ba su buga ba. Makarantar da ke da araha ba ta koyar da bale, wadda ke koyarwa ba ta san araha ba. Na ƙasashen waje kuwa, kuɗin ɗaki kaɗai ya isa ya sa wa mutum hawan jini. Sauda ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Har kasuwar Naif ta je wurin Alhaji Mu'awiya mai cargo, wato aika kaya gida, mutumin unguwarsu a Kano, ko zai taimaka.

"Bale?" ya ce yana dariya. "Ai mu ma nan bale muke ɗaurewa kullum, na atamfa da na takalma. Turo ta ofis in yanka mata salary, khalas, magana ta ƙare. Yaya sunanta ma?"

"Waccan dai da ka sani," in ji Sauda, ta miƙe.

Abin takaicin, kwalejin da take wa ɗinki ita ce ta fi dacewa, can ma suka fara zuwa. Akwai rangwame mai tsoka wanda albashin tela zai iya ɗauka, sai dai na 'ya'yan ma'aikata ne. Ranar suna cikin ofis yarinyar ta ce, "Yaya, miƙo min jakar." Jami'ar ɗaukar ɗalibai, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta yi dariya ta ce su a garinsu yaya mai raino ce, su fa? Yarinyar ta ce babbar 'yar'uwa. Nan take fara'ar ta koma ta ban haƙuri: ƙanne ba sa cikin rangwamen. Sauda ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba, suka fito.

Gobe kuma ake rufe ɗaukar ɗalibai.

"Yaya," yarinyar ta ce, idonta na kan titi, "kalma ɗaya ce fa. Ki ce musu ni 'yarki ce."

"Rufe min baki. Ba ki da kunya."

"To shi ke nan. Zan je wurin Alhaji."

Ba fushi a muryarta, shi ne ma ya fi yi wa Sauda ciwo. Da suka isa gida yarinyar ta ɓamɓare filastar da ke yatsun ƙafarta, ta ƙulle takalman rawarta a leda, ta cilla su saman kwaba inda ake ajiye bargo.

Sauda ta zauna gaban keke ta kasa taka shi. Ba haka Inna ta tarbiyyantar da ita ba. A gidansu akwai maganar da mace ba ta furtawa ko da wuƙa a wuyanta, kuma ita ba ta taɓa karya wannan ba, a Kano ko a nan inda ba mai ganinta. Ta ɗaga kai ta kalli ledar, ta daɗe tana kallo.

Da safe ta sauko da ita da kanta. "Sa mayafinki," ta ce.

A ofis ta ƙi zama. "Madam, na zo gyara magana. Wannan 'yata ce."

Jami'ar ta ɗaga gira. "Ran nan kin ce ƙanwarki ce."

"Ni ban ce ba."

"Sai kin kawo takardar haihuwa, kuma za a bincika. Ki sani, wanda aka kama da ƙarya a bakin aikinsa."

"Zan kawo."

Matar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta jawo kwamfuta. "To, sunan yarinyar?"

Sauda ta dubi yarinyar. Ta buɗe baki ta rufe, ta dafa tebur.

"Ummulkhair," ta ce.

Yarinyar ta rufe fuska ta fashe da kuka, don tun ranar da Sauda ta haife ta, 'yar fari, ta miƙa wa Inna saboda kunya, sai yau ta ji sunanta a bakin uwarta.