Bakin da Aka Ɗaure a Karaye

Malam Yusha'u mutum ne mai baki. Ko wurin ɗaurin aure aka ba shi dama sai ya sako zancen dashen itatuwa, har abokansa malaman makaranta a Rogo suka laƙaba masa Malam Darbejiya.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne rafin ƙauyensu a mazaɓar Fulatan. Tifofi na kwasar yashi ba ji ba gani, gaɓar rafin tana zaftarewa, tana matsowa maƙabartar gari inda mahaifinsa yake kwance. Ya yi magana har ya gaji. Sai ya ga gara ya nemi kujerar majalisar dokokin jiha, ya je da kansa ya kawo dokar hana haƙar yashin.

To amma ba a samun tikitin jam'iyya da daɗin baki. Sai an bi ta falon Alhaji Uwais a Karaye, mutumin da wakilan jam'iyya ba sa zaɓen kowa sai ya ƙyafta musu ido.

Alhaji ya karɓe shi hannu bibbiyu. Bayan an gaisa an sha lemo, sai ya ce, "Malam, na ji kana da jama'a. Amma na sha ɗora mutum ya juya mini baya. Kana da alwala?"

"Ina da ita, ranka ya daɗe."

Aka kawo Alƙur'ani. "Dafa. Ka rantse ba za ka taɓa buɗe baki a kan wata harka tawa ba, a fili ko a ɓoye."

Yusha'u bai tambayi ko wace harka ce ba. Shi dai ya san Alhaji da cinikin hatsi da taki. Idonsa ya rufe da tikiti, ya dafa.

Ya ci zaɓen fidda gwani kuwa. Fastocinsa suka cika Rogo, koraye shar, yana murmushi riƙe da dashen mangwaro.

Ranar taronsa na farko a ƙauyensu, wata tifa ta kawo kujeru da rumfa. Da aka sauke kayan, sai ya ga jiƙaƙƙen yashi kwance a cikinta, ga kuma fastarsa manne a ƙofar direba. Ya tambayi direban ko motar wa ce.

"Haba Honarabul! Ai duk tifofin rafin nan na Alhaji ne, sunan yaransa kawai ake sawa."

Yusha'u bai gama juya maganar a ransa ba sai ga Alhaji ya iso, aka zaunar da shi a kujerar gaba.

Mai unguwa, Baba Sulle, ya miƙe da sandarsa. "Ɗana, ba mu roƙe ka shinkafa ba. Rafi ya kusa taɓa kaburburan iyayenmu. Ga lasifika, faɗa wa duniya za a tsayar da motocin nan."

Yusha'u ya karɓi lasifikar. Ya dubi jama'a, ya dubi Alhaji da ke jan carbi yana murmushi. Sai ya shiga zancen rijiyar burtsatse da takin zamani, yana ta kame-kame. Can baya cikin mata, mahaifiyarsa Inna Mero ta gyara mayafi ta yi gida.

Kada wani ya ce rantsuwa kaɗai ta ɗaure shi. Yusha'u ya yi karatun addini, ya san rantsuwa a kan rufe ɓarna ana warware ta da kaffara. Amma ya san ranar da ya warware ta, ranar kujera za ta kuɓuce. Kullum sai ya ce wa kansa, "Bari dai in shiga majalisa tukuna." Barci ya ƙaurace masa, ya rame, ya koma bin wata hanya don kada ya ga rafin.

Ruwan Agusta bai jira zaɓe ba. Aka yini ana tafka shi, rafi ya kawo, gaɓar da aka rarake ta rufta da gefen maƙabarta gaba ɗaya.

Da Yusha'u ya iso, ya tarar da maza cikin laka suna tsintar ƙasusuwa, suna naɗewa a sabon likkafani. Inda kabarin mahaifinsa yake, ruwa ne ja yake wucewa. Ba wanda ya zage shi. Ba kuma wanda ya amsa sallamarsa, wannan kuwa ta fi zagi ciwo.

Ya shiga gida ya durƙusa gaban Inna Mero. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ce na yi ta ba mutane haƙuri, ina cewa ɗana zai yi magana. Yanzu in jikokina sun tambaye ni inda kakansu yake, ina zan nuna musu?"

Hawaye na zubo masa wayarsa ta yi ƙara. Alhaji ne.

"Honarabul, na ji abin da ya faru, Allah ya kyauta. Zan turo tifa da jar ƙasa a ɗan cike wurin. Ka tsaya a gabanta a ɗauke ka hoto, zai taimaka mana a kamfe."

Yusha'u ya dubi mahaifiyarsa, ita ma tana kallonsa.

"To, ranka ya daɗe."

Jama'a, duk mai neman kujera don kare ƙasa da mutanenta, kada ya damƙa bakinsa ga wanda bai san me yake ci ba. Mu kuma masu zaɓe, kafin mu dubi fasta, mu tambayi wanda ya tsayar da mai ita.