Tumbi da Jitar Malam

Kamuela munafuki ne, kuma duk garin Hilo babu wanda ya kai shi iya murmushi.

Malaminsu na kiɗa ya ce nan da wata huɗu zai bar wa ɗaya cikin ɗalibansa biyu, Kamuela da Palani, jitarsa, irin wadda ake kwantarwa bisa cinya. Palani ya fi gwaninta, amma tumbinsa ya mamaye cinyar, jitar sai zamewa take yi. Ya rage ci, kullum yana hawan tudu har numfashinsa ya sarƙe.

Sai Kamuela ya fara kawo masa tuwon gwaza da naman alade, don ƙibar ta ƙaru.

"Ci mana, ɗan'uwa. Yunwa ce za ta kaɗa maka jitar?"

A garinsu ba a mayar da abinci, ba a kuma ci a bar baƙo yana kallo. Palani ya kai loma ɗaya, ya tura wa Kamuela kwanon.

"Sa hannu, mutumina. Ba na ci ni kaɗai."

Dole Kamuela ya cinye sauran. Haka aka yi ta yi kullum.

Ranar gwaji, jitar ta zauna daram a cinyar Palani. Da aka ɗora wa Kamuela, tumbinsa ya ture ta ƙasa.

Kamuela ya rasa jitar, ya kuma tashi da hawan jini.