Da'irar Kiran Baba

Shekarar da Baba ya tafi cin rani Kudu, ya daɗe ba labari, ni ce bokanya a wasanmu na yara a Kebbe. Mu muka ƙago dokar wasan: zane mai kusurwa uku yana korar kura, da'ira kuwa tana jawo mai abin da aka sa a tsakiyarta.

Wata la'asar na zana da'ira a tsakar gida, na ɗora tsohuwar hular Baba a ciki, tana ƙanshin turarensa. Kakata tana gefe tana zanen ƙwarya. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta leƙo ta ce, "Ke bokanya, kin rufe ta ruf. Ta ina shi ka shigowa?"

Ta sa yatsan ƙafa ta share gefen da ke kallon hanyar Tambuwal. "Allah ka kawo mutum. Ke dai bar mai ƙofa."

Jiya 'yata ta ce in zana mata da'irar sihiri don wasansu, Baba na kishingiɗe yana kallonmu. Ta dubi zanen ta ce ban gama ba. Na ce mata na gama.