Mahauci Mai Ido Ɗaya da Bahago

Kai da kake cewa wanda aka kayar ba shi da labari, matso ka ji wannan. A wani gari an yi wani mahauci da ya yi dambe a ƙuruciyarsa, har damben ya cinye masa idon hagu. Ya ajiye, ya koma kan namansa, furfura ta fara fito masa. Wata kaka bayan an gama girbi, sai ga baƙin 'yan dambe sun sauka, cikinsu akwai wani bahago da labarinsa ya riga shi isowa. An ce mutumin da ya nausa a garin baya har yanzu da kunu ake ciyar da shi. Da la'asar aka cika fili, bahagon ya fito ya zagaya da hannu a ɗaure. Samarin garin kuwa, masu cika baki a mahauta kullum, kowa ya sami uzuri. Wannan yatsa ke masa ciwo, wancan ya manta zarensa a gida. Mai kalangu ya gaji da jira, sai ya juya ya kaɗa taken gidan su mahaucin, taken da ake yi wa ubansa da kakansa. A al'adarsu ba a kaɗa taken gidanku kana zaune. Mahaucin ya miƙe, ko da yake ya san abin da kowa ya sani: naushin bahago ta dama yake sauka, kuma a dama idonsa ɗaya tilo yake. In idon ya tafi, sai sanda da ɗan jagora har ƙarshen rayuwa. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya miƙa wa ƙanensa hannu ya naɗa masa zare.

Turmin farko bai kai naushi ko ɗaya ba. Ya kafa hannun tsaro a kan idon, ya bar haƙarƙari a buɗe, bahagon ya yi ta sauke masa kamar ana bugun dawa. Da aka raba, ƙanen ya roƙe shi ya haƙura haka, ya ce ai ya fita kunyar gida, ba wanda zai zarge shi. Mahaucin ya so ya yarda, Allah ya sani ya so. Amma ya dubi wurin da samarin suka sunkuyar da kai, ya tofar da jini, ya koma. Turmi na biyu ƙafafunsa suka fara gardama, numfashi na fita da ƙyar, bai dai taɓa ƙasa ba. A na uku ya gane cewa muddin yana gadin idon nan, ba zai taɓa kai hannu ba. Sai ya sauke tsaron, ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya saki. Naushin ya sami bahagon a muƙamuƙi, ya yi taga-taga da baya, abin da mutanensa ba su taɓa gani ba. Kafin mahaucin ya maido hannu, ramuwar ta iso daidai inda yake tsoro. Ya zube, duniya ta yi baƙi ƙirin. Yana jin ihun mutane, yana jin ƙasa a bakinsa, ba ya ganin komai, ya ce a ransa shi ke nan. Aka zuba masa ruwa, aka wanke jinin da ya rufe fuskar. Can ta wata 'yar tsaga a cikin kumburin haske ya shigo, ya ga bahagon tsugune a gabansa yana warware zaren hannunsa. Aka ce wa bahagon ai da sauran wasa. Ya girgiza kai ya ce, "Na gama. Mutum ɗaya ne a garin nan, kuma na riga na gamu da shi."

An kashe mahaucin a damben ranar, wato an kai shi ƙasa, ba wanda ya musa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.