Takalmin Sarkin Toka

Tun da aka kafa Gadarif, in ji Ɗantsoho baduku, ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi ba. Fari sun cinye dawa, ya ji. Ambaliya ta kwashe gidaje, ya jajanta. Amma a ce Hamisu, abokinsa tun suna yawo ba wando, yana wucewa ta gaban rumfarsa a kasuwa ko sallama babu? Ga jabana, butar gahawa, tana hucewa a kan gawayi, ga kofi biyu. Kuma a kan me? A kan aiki mafi kyau da hannun baduku ya taɓa yi wa fim.

Ga yadda aka yi. Sami, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, ya ƙudurta yin fim da Sarkin Toka, mugun nan na tsofaffin mujallun zane da aka karanta ana yara: ƙahon ƙarfe, fuska fara fat kamar an tono shi daga kabari, alkyabba har ƙasa. Kwamitin da ke duba finafinai ya ce atafau. Ƙaho kwaikwayon Shaiɗan ne, fentin fuska kuma canza halittar Allah ne.

Sami ya zo rumfar kamar zai yi kuka. "Ya ammi, baffana, mugu ba ƙaho ba fuska, da me zai tsorata mutane?"

"Ya zol, bawan Allah, wa ke tsoron ƙaho a zamanin nan? Ko akuya ta daina," in ji Ɗantsoho. Sai ya juya wajen Hamisu.

Hamisu malamin makaranta ne a da. Wata rana farar mota ta ɗauke shi a ƙofar aji, aka kai shi ɗaya daga cikin gidajen nan marasa suna da jama'a ke kira gidajen fatalwa. Ya dawo bayan damina, haƙorinsa ɗaya na gaba babu, bai kuma taɓa ba da labari ba. Kowa ya san ba a tambayarsa. Ɗantsoho ya tambaye shi kamannin wanda ya azabtar da shi a can.

Hamisu ya daɗe yana juya kofi a hannu. "Ban ga fuskarsa ba. Idona a ɗaure yake, ta ƙasan ƙyallen nake gani. Takalminsa markub ne na fatar mesa. A hankali yake tafiya. In ya tsaya, sai ya haɗa ƙafafunsa kamar mai daidaita sahu."

"Halas, shi ke nan!" Ɗantsoho ya bugi cinya. Sabon Sarkin Toka ba shi da ƙaho, ba shi da fuska, ba shi da ko gwiwa. Takalmi ne kawai yana tahowa. Kwamiti kuwa me zai ce da takalmi?

Matsala ɗaya ce: ranar Alhamis ake wannan magana, Sami kuma Asabar yake so. Fatar mesa sai an aika garin Hawata. Juma'a kuma ba ranar aiki ba ce a gidan Ɗantsoho, ranar da 'yarsa Hanatu ke zuwa ce da mijinta Mujtaba, suruki na gari, mai kula da gonakin dawa a Doka. Yakan ɓace makonni, ya dawo da buhun sukari da tafin hannu mai laushi kamar na jariri. Aka ci, aka sha, aka yi 'yar hayaniya a ƙofa wajen rabuwa.

Asabar da safe takalmi ya samu. Sami ya juya shi yana mamaki: ɗinkin jiya, amma kamar ya yi shekaru yana taka ƙasa. "Sirrin sana'a," in ji Ɗantsoho, yana gyara rawani.

An nuna fim ɗin a filin kulob na unguwa bayan magariba, talabijin a kan tebur. Markub ya shigo daga ƙofa a hankali. Yara suka fara dariya, sannan suka lura manya ba sa yi. Wani mutum a baya ya tashi ya fita bai ɗauki sandarsa ba. Takalmin ya tsaya, ya haɗu kamar a sahu. Kyamara ta matso. A bakin na dama akwai 'yan huji jere kamar jinjirin wata, ɗaya daga ciki ya yage fatar.

Hamisu ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗantsoho, na ce maka fatar mesa. Ban ce maka cizo ba." Ya sa yatsa a giɓin haƙorinsa. "Na wane ne?"

"Ni na ɗinka, ya ustaz."

"Na wane ne?"

"Na ce maka ni na ɗinka."

Tun daga ranar Hamisu bai sake kallon rumfar ba. Suna ɗaya yake jira, in ya ji shi zai dawo ya zauna kan bencinsa. Ɗantsoho kuwa yana nan yana kai ƙara wajen duk wanda ya tsaya: ƙasar nan ba a san darajar gwani ba, ka yi abu ya yi kama da gaske sai a ƙi ka.

Sai dai ran Juma'a ba ya iya cin abinci yanzu. Yana zaune yana sauraron taku a hankali daga bakin zaure, yana kallon ƙafafun da ke haɗuwa kafin sallama. Don Allah ya sani, ko zare bai saka a allura ba. Ƙyuya ce ta sa waccan Juma'ar ya sunkuce takalmin Mujtaba a ƙofar ɗaki, lokacin da surukin ke ciki yana yi wa jaririn Hanatu wasa a kan cinyarsa.