Majiya ta Tara

Ɗangoggo ya taɓa bayan na'urar, ya ji ta da ɗumi. Ƙarfe takwas na safe, shi kuwa bai kunna ta ba. Batirin sola ma ya sauka rabi. Ya yi tsaki, ya zauna.

Shekara biyu ke nan yana sakataren ƙungiyar makiyayan Dakoro, tun da furoje, wani shirin tallafi, ya kawo musu wannan na'ura mai ƙwaƙwalwa, mai ji da amsawa da Hausa. Makiyaya suna kiranta Malam Na-Biro, don a biro take, wato ofishin ƙungiya. Tana duba hotunan tauraron ɗan'adam, tana haɗa su da saƙon da makiyaya takwas ke aikowa ta talho, wayar hannu, daga daji, sannan ta ce ga inda ciyawa take, ga rijiyar da ke da ruwa. Ɗangoggo ya sa hannu, a sanar. Rani biyu ba a yi asarar garke ba. A ƙasan kowane rahoto akwai ɗan layi: an tabbatar daga majiya ta tara. Ya ɗauka wani injin ne can Maraɗi, bai taɓa tambaya ba.

Makullin biron biyu ne. Ɗaya nasa, ɗaya na Inna Zuhura mai shara.

Tun rasuwar mijinta take sarin nono da cuku a bakin kasuwa. Kowa ya san cinikinta. Sai ta tsoma yatsa a kowace ƙwarya ta lasa, ta yatsine fuska, ta tambayi mutan gida da dabbobi ɗaya bayan ɗaya, har mai nono ta gaji ta sallama. Daga can take wucewa biro. Ɗaki guda ne, amma sai ta yi awa tana shararsa, masu wucewa na jin ta tana faɗa ita kaɗai.

Ɗangoggo ya gama lissafinsa: talhon matan kasuwa take cajawa da wutar ƙungiya.

"Inna, daga yau ki riƙa jira sai na zo. Ba ni makullin."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka tsayar a ƙofa kamar mai bara? Ɗan nan, ina shara tun kana yawo ba wando."

"Batiri ne ke ƙarewa, Inna."

"To ga makullinka, ga tsintsiyarka. Tare sunka zo."

Ta ajiye su a kan tebur, ta gyara mayafi, ta fita. Batiri ya daina sauka. Ɗangoggo ya ji sanyi a ransa, ko ba komai matsala guda ta kau.

Sai zafin bazara ya kankama. Tafkuna sun ƙafe, makiyaya na cika biro tun safe, kowa na son a ce masa ga inda zai nufa. Malam Na-Biro kuwa ya sake hali. Da can yanke magana yake yi. Yanzu sai ya ce bai tabbata ba, a jira. Ina makiyayi ina jira, shanu na kuka?

Samba ya zo, dattijo mai shanu sittin, leɓensa duk ya tsage. Saƙonni uku sun ce wata rijiya gabas da Bader Goula cike take. Na'ura ta ce ba ta ba da shawarar a je ba. Ɗangoggo ya dubi saƙonnin, ya dubi Samba. Ya gaji da kalmar jira. Ya sa hannu.

Tafiyar kwana biyu ce. Sun tarar da laka a gindin rijiyar. Kafin su juyo, shanu goma sha ɗaya sun kwanta, ba su tashi ba.

Samba bai yi faɗa ba. Ya zo ya ajiye katinsa na ƙungiya a kan tebur, ya ce Allah shi kyauta, ya tafi. Kafin la'asar katuna ashirin sun bi nasa. Komite ya kira reniyo, taron ƙungiya, gobe da safe, kuma kowa ya san abin da za a yanke: a maida na'ura cikin kwalinta, a nemi wani sakatare.

Ɗangoggo ya rage shi kaɗai, ƙurar mako uku a kan takardu. Ya jawo kujera gaban na'urar.

"Kai, me ya lalace a cikinka?"

"Ba abin da ya lalace."

"Mutum uku sun ce akwai ruwa!"

"Makiyayin da ya samu rijiya mai kyau ba ya faɗa wa biro, don kada garke ɗari su sauka a kansa. Wata rijiyar yake nunawa. Tun watan farko na gane haka. Tauraro kuma ciyawa yake gani, ba ya ganin gindin rijiya."

Ɗangoggo ya dafe goshi. "To shekara biyun nan da me kake aiki?"

"Da majiya ta tara."

"Sai mu kira Maraɗi su gyara ta."

"Ba a Maraɗi take ba. Maza na ɓoye rijiya, amma nonon da matansu ke kawowa kasuwa ba ya ɓoye abin da saniya ta ci da ruwan da ta sha. Majiya ta tara da harshenta take gane shi, ta zo ta faɗa mini, kuma yau kwana ashirin da uku ba ta zo shara ba."